Laminet ko katako zalla? Fara da duba ƙasan ɗakinka

Duk wanda ya zo wurina riƙe da falle biyu, ɗaya laminet ɗaya katako zalla, yana tambayar wanne zai shimfiɗa a gidansa, ba na karɓar fallayen tukuna. Sai in ce masa mu je in ga ɗakin. Na daɗe a sana'ar shimfiɗa daɓe, kuma yawancin daɓen da aka kira ni in cire tun kwanansa bai ƙare ba, abu uku ne suka kashe shi: ruwan da ya zuba, danshin da ke tasowa daga ƙasa, da simintin da ba a daidaita ba. Saboda haka maganar launi da sheƙi ka ɗan ajiye ta, za mu zo kanta.

Ya kamata dai ka san abin da ke hannunka. Idan ka sa zarto ka yanka fallen laminet ka dubi bakin yankan, hawa huɗu za ka gani. Na can sama siririn rufi ne mai tauri wanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsa, an yi shi da melamin haɗe da garin alminiyam oksaid, shi ke ɗaukar taku da ƙarzuwa. Ƙarƙashinsa takarda ce da aka buga wa hoton katako. Jijiyar itacen nan da gaɓoɓin da suka burge ka, hoto ne. Sai tsakiya, wadda ita ce gangar jikin fallen: zaren itace da aka niƙe, aka gauraya da gam, aka danne da zafi har ya zama allo mai nauyi, shi ne za ka ga an rubuta HDF a jikin kwali. Hawa na ƙasa aikinsa hana fallen lanƙwashewa. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro laminet na daɓe a 1977, aka riƙa sayar da shi da sunan Pergo. Da fari da gam ake haɗa fallayen. A shekarun 1990 ne kamfanin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam suka fito da bakin da ake maƙalawa kawai, ba gam ba ƙusa, kuma tun daga nan mutum mai haƙuri zai iya shimfiɗa ɗakinsa da hannunsa.

Katako zalla kuwa itace ne daga sama har ƙasa, kaurinsa galibi milimita 18 zuwa 20. Gefe ɗaya yana da harshe, ɗaya gefen yana da ramin da harshen maƙwabcinsa ke shiga. Ana kafa shi da ƙusa a kan filawud ko wani katakon, ko a manna shi da gam. Abin da ya fi muhimmanci a jikinsa shi ne naman itacen da ke saman harshen, kimanin milimita 6. Wannan shi ne jarinka. Duk lokacin da fuskar daɓen ta tsufa, ana sa injin samfefa a kankare ɗan kaɗan daga cikinsa, a sake shafa mai, daɓe ya dawo sabo. Ana iya yin haka sau huɗu, sau biyar, wani lokacin fiye, idan mai kankarewar yana da sauƙin hannu.

A nan bambancin yake, kuma shi nake so ya zauna maka. Laminet yana da wuyar ƙarzuwa, amma ranar da ya ji rauni ba ya warkewa, domin idan ka kankare shi hoton za ka cinye. Katako yana saurin nuna tabo, kujera za ta ƙarje shi, tsinin takalmi zai loɓa shi, amma yana karɓar gyara. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce wace irin lalacewa za ka iya zama da ita.

Gwajin ƙasa

Ka samo leda mai kauri, ka yanko murabba'i mai santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin ɗakin, ka liƙe gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Mafi ƙarancin lokacin da ake bari awa 16 ne, ni kwana biyu nake bari, kuma nakan yi a wuri uku: tsakiyar ɗaki, gindin bangon da ke waje, da gindin bangon da banɗaki ke bayansa. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko simintin ya yi duhu, to ƙasan nan tana fitar da danshi, kuma kada ka ɗora komai a kanta sai an gano daga inda yake zuwa. Idan ka ga ta bushe, alama ce mai kyau, amma ba ta isa hujja ba ga wanda zai manna katako zalla. Shi sai an kawo na'urar auna danshi.

Sabon siminti yana yaudara ƙwarai. Samansa zai yi fari fat, ka taka ka ji ƙarfi, alhali cikinsa jiƙe yake. Lissafin da masu aiki ke yi shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita ta kauri, wato shafen siminti mai santimita 4 yana son wajen kwana 40, wanda ya fi haka kauri kuma ya fi haka jinkiri sosai. Na sha ganin mai gida yana gaggawar tarewa, ya matsa a shimfiɗa, bayan wata uku ya kira ni fallaye sun tashi. Wannan jiran yana da ciwo, na sani, amma babu abin da ke maye gurbinsa.

Sai daidaito. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai tsawon mita 2 a ƙasa, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa, ka riƙa juya shi ta kowace fuska. Inda ratar ta wuce milimita 3, sai an cike kwarin ko an goge tudun. Laminet ya fi jin wannan matsala, domin ba a kafe yake ba, kwance kawai yake a kan ƙasa. Duk inda akwai kwari a ƙarƙashinsa, kowane taku yana lanƙwasa mahaɗin, har siririn bakin nan ya karye, fallaye su fara buɗewa. Ana shimfiɗa siririn soso a ƙarƙashin laminet, amma kada wani ya ce maka soso mai kauri zai cike kwarin. Ƙara kaurin soso ƙara lilo ne, kuma lilon shi ke karya baki. Milimita 2 zuwa 3 ya isa.

Idan ɗakin yana ƙasa da matakin filin waje, ka cire katako zalla daga lissafi gaba ɗaya.

Ruwa

Bari in ba ka labarin kicin ɗina, don a nan na koyi abin da ban koya a wurin maigidana ba. Laminet na shimfiɗa, mai kyau, kuma na yi aikin da kulawa. Ashe bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga, ɗigo ɗaya-ɗaya, yana bin bayan kabad yana shiga ƙarƙashin daɓe. Ba mu ankara ba sai da matata ta ce tana jin tudu-tudu a tafin ƙafarta. Na durƙusa na shafa, na ji bakin fallaye shida ya kumbura ya tashi kamar kwalin da ruwan sama ya daka. Fuskar laminet ba ta shan ruwa, amma mahaɗin yana sha, kuma HDF idan ya kumbura ba ya komawa ko da ya bushe. Sai da na cire katakon gindin bango, na warware daɓen layi-layi tun daga bango har wurin da ya lalace, na sa sababbi, na sake mayarwa. Abin da ya cece ni shi ne ina da ragowar kwali ɗaya.

Na kuma yi aiki a wani gida inda ruwa ya kwana a kan daɓen katako zalla. Fallayen sun loɓa a tsakiya, gefunansu sun ɗaga, ɗakin ya zama kamar kunya-kunyar gona. Mai gidan ya so in kawo inji washegari in daidaita. Na roƙe shi ya bari. Idan aka kankare katako yana jiƙe, gefunan da suka ɗaga ake cinyewa, to ranar da ya bushe ya koma yadda yake sai tsakiyar kowane falle ta fi gefensa tudu, an yi asara biyu. Mun jira watanni, ina zuwa ina aunawa, yawancin fallayen suka kwanta da kansu. Sannan muka kankare sau ɗaya, muka shafa mai. Daɓen yana nan har yau.

Daga waɗannan biyun ka ɗauki hukunci. Banɗaki da wurin wanki, ba laminet ba katako, tayil ya fi dacewa da su. Kicin kuma ya danganta da irin gidanku. Idan ana yawan zubar da ruwa ana barinsa, ko ana wanke ƙasa da bokiti, duka biyun za su wahala. Akwai laminet da ake sayarwa da sunan mai jure ruwa, an shafe bakinsa da kakin da ke jinkirta shigar ruwa. Yana taimakawa idan kofi ya kife aka goge da wuri. Ɗigon bututu na mako biyu ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma ruwan da ba a gani, na cikin iska. Itace ko an sare shi an busar, bai daina shan laima yana fitarwa ba. Da damina yana faɗaɗa, da rani yana tsukewa, kuma ta faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Masu harkar daɓen katako suna son laimar cikin gida ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, shi kuma katakon danshin jikinsa ya kasance wajen kashi 6 zuwa 9. Idan inda kake iska takan bushe ƙarau wata da watanni, sannan ta jiƙe sharkaf, katako zalla zai buɗe rata a lokacin bushewa ya rufe a lokacin laima, kowace shekara. Siririyar rata ba lalacewa ba ce, halin itace ne. Amma idan ka san ranka ba zai so ganinta ba, ko ka zaɓi fallaye marasa faɗi, domin kowane ɗaya motsinsa kaɗan ne, ko ka koma ga katako mai hawa-hawa.

Wannan na uku mutane da yawa ba su san da shi ba. Samansa itacen gaske ne mai kaurin milimita 2 zuwa 6, an manna shi a kan filawud wanda hawa-hawansa ke gicciye da juna, shi ya sa ba ya motsi sosai. A ido da tafin ƙafa katako ne, kuma ya fi zama lafiya a kan siminti. Idan za ka saya, kaurin itacen saman za ka tambaya, ba kaurin fallen duka ba. Mai milimita 4 zai karɓi kankarewa sau biyu ko uku, mai milimita 2 da ƙyar sau ɗaya.

Su wa za su taka, kuma har yaushe

Gidan da yara ke jan kujeru da motocin wasa, ko akwai kare mai farce, laminet zai fi daɗewa da kyan fuskarsa. Ka duba jikin kwalin, akwai lamba daga AC1 zuwa AC6 da ke nuna juriyar rufin sama, bisa ma'aunin Turai mai lamba EN 13329. AC3 ya isa ɗakin kwana da falon gida. Ga hanyar shiga da duk inda ƙafa ba ta yankewa, ni AC4 nake sa wa. AC1 da AC2 ba na taɓa su. Kaurin falle kuwa ba shi ke hana ƙarzuwa ba, amma mai milimita 8 zuwa sama ya fi ƙarfin baki, kuma bai cika yin ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas ba idan ana tafiya.

Shi ma katako yana da nasa ma'aunin tauri, na Janka, sunan wani masani ɗan Ostiriya, Gabriel Janka. Ana auna ƙarfin da ake bukata kafin a nutsa rabin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 cikin itacen. A lissafin fam na nauyi da ake yi a Amurka, ga lambobin wasu itatuwan can: jan ok yana da 1290, farin ok 1360, mefil mai tauri 1450, hikori 1820, baƙin walnat 1010, ceri 950. Jan ok shi ake ɗauka a matsayin tsaka-tsaki. Abin da ya gaza shi sosai, kamar ceri, ɗakin kwana ya fi dacewa da shi. Sai dai lambar Janka loɓawa take aunawa. Ƙarzuwa kuwa man da aka shafa a sama ne ke ɗaukarta, don haka itace mafi tauri ma zai nuna layi idan yashi ya shiga ƙarƙashin kujera.

Sannan ka yi wa kanka gaskiya game da zamanka a gidan. Idan haya kake, ko gidan na 'yan haya ne, ko kana ganin nan da shekara biyar za ka tashi, laminet ya wadatar, kuma babu abin kunya a cikinsa. Ana cewa araha ba ta ado, amma na shimfiɗa laminet da baƙi suka durƙusa suka shafa kafin su yarda ba itace ba ne. Mai kyau yakan kai shekara 15 zuwa 25 idan ruwa bai same shi ba. Idan kuwa gidan da kake fatan tsufa a ciki ne ka bar wa 'ya'ya, katako ya cancanci kuɗinsa, domin akwai gidajen da suka haura shekara ɗari da daɓensu na asali. Ni kaina falona da ɗakin kwanana katako ne, ɗakin yara laminet. Ina son yadda katako ke tsufa, yadda ceri ke ƙara duhu da hasken rana, walnat kuma ya ɗan yi haske. Ina son cewa babu falle biyu masu kama ɗaya. Amma ban ga dalilin da zai sa in riƙa yi wa yaro tsawa a ɗakinsa saboda daɓe ba.

Wajen lissafin kuɗi kada ka tsaya a kan fallaye. Ka haɗa da gyaran siminti, leda, soso ko gam, katakon gindin bango, ladan mai aiki, da yanke ƙasan ƙofofi idan daɓen ya ɗaga. Katako zalla a kan siminti sau da yawa sai an fara shimfiɗa filawud, wannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin tudu a bakin ƙofa.

Ranar saye da ranar aiki

Kada ka zaɓa a ƙarƙashin fitilar wurin sayarwa. Ka karɓo samfur ka kai ɗakin, ka gan shi da safe da kuma dare. Idan laminet ne, ka karɓo guntaye biyu ka maƙala su, ka zuba cokalin ruwa a kan mahaɗin, ka kife kofi a kai ya kwana. Da safe ka shafa da yatsa. Gani ya kori ji. Ka sa makulli ka ja a fuskarsa da ɗan ƙarfi. Ka nemi a buɗe maka kwali ka jera fallayen a ƙasa, ka ga bayan falle nawa hoton ke maimaituwa, domin mai araha sosai za ka ga gaɓa ɗaya tana bin ka ko'ina a ɗaki. Ka duba alamar E1, wadda ke nuna iskar fomaldihaid da gam ɗin ke fitarwa ba ta wuce ƙa'ida ba. Wannan ya shafi numfashin iyalinka, kada ka yi sakaci da shi. Kuma kwalayen duka su kasance bugu ɗaya, lambarsu ɗaya, don launi yakan ɗan bambanta.

Idan katako ne, tambayar farko ita ce ko an busar da shi a tanda. Ka sa a soka na'ura a gabanka ka ga lambar. Ɗanyen katako komai kyansa zai tsuke ya murɗe a cikin ɗakinka. Ka zaɓi irin man da za a shafa da saninka: foliyuritan yana yin rufi mai ƙarfi, ba ya son yawan kulawa, amma idan ya lalace sai an gyara ɗakin duka. Mai irin wanda itace ke sha yana son a riƙa sabunta shi, amma ana iya gyara wuri ɗaya a bar saura. Idan akwai gara a wurin, a yi maganinta kafin komai, kuma kada ka ɗauka laminet ya tsira, cikinsa ma itace ne.

Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan awon ɗakin saboda yanke-yanke. Laminet ya kwana biyu a ɗakin, kwance cikin kwalinsa, kafin a fara. Katako zalla yana son mako ɗaya ko biyu, kuma na'ura ce ke cewa ya isa: idan a kan filawud za a kafa shi, bambancin danshinsu kada ya wuce kashi 4 ga siraran fallaye, kashi 2 ga masu faɗi. A kan siminti a fara shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2 kafin soso, inda leda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da santimita 20.

Abu ɗaya da nake roƙonka ka tsaya a kai da idonka shi ne ratar gindin bango. Laminet yana son milimita 8 zuwa 10 a kowane gefe, har kewayen bututu da ƙafar ƙofa. Katako zalla yana son fiye da haka. Katakon gindin bango zai rufe ta, ba mai gani. Mai aikin da ya matse falle da bango don ya yi kyau a ranar, ya bar maka daɓen da zai yi tozo a tsakiyar ɗaki idan laima ta zo. Saboda wannan dalilin kada a kafa kabad ɗin kicin a kan laminet, a kafa kabad tukuna sannan daɓe ya zo ya same shi. Mahaɗin ƙarshen falle kuma ya yi nesa da na layin da ke kusa da shi da aƙalla santimita 30.

Kulawarsu kusan ɗaya ce. Yashi shi ne samfefar da ke cin daɓe kullum, don haka a sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa shara da tsintsiya mai laushi. Tsumma a matse shi sosai kafin a goge, kada a kawo injin goge-goge mai tururi kusa da ko ɗaya. A liƙa ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru. Ga katako, da ka ga sheƙin hanyar da aka fi bi ya fara dushewa, a ɗan goge sama-sama a ƙara mai tun itacen bai fito ba, wannan ba ya cin komai daga milimita 6 ɗin nan. Ragowar fallaye kuma ka adana aƙalla kwali ɗaya, kwance a wuri busasshe, ka yanko takardar da ke ɗauke da suna da lambar bugun ka sa a ciki, domin kamfanoni suna daina buga launi bayan 'yan shekaru.